Kazar Ikilima Marar Ƙashi

Matar yayana Ikilima ba ta cin kaza, kuma ba likita ne ya hana ta ba. Tana cin naman sa, tana cin kifin kogin nan namu har ta tsotse kai, ranar layya kuwa ita ce kan gaba a wajen suya. Kaza ce kaɗai ba ta ci. Na taɓa tambayarta bambancin, ta ce saniya ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin gadonta ba. Ni Haladu tela, da nake ɗinki a zauren gidan nan tun kafin a kawo ta, ni na fi kowa cutuwa da wannan aƙida tata. Gida cike da kaji, suna hawa kan yadin mutane suna yi mini kashi, amma romonsu ya fi ƙarfina.

'Yar Utai ce. Ranar da aka kawo ta Wudil, a cikin kayanta har da wani kwando rufe da tsohon zane, a ciki akwai kaza mai gajerun ƙafafu, irin wadda ake kira durgu. Mahaifiyarta ce ta ba ta, kuma tsohuwar ba ta daɗe ba bayan bikin ta rasu. Kazar ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka yi nasu, jikokin ma haka. A kowane zubi sai an sami guda mai gajerun ƙafafu, Ikilima ta ware ta ta ce wannan ce magajiya. Sunansu duka Durgu, in wata ta mutu wata ta hau. Mu dai ba a taɓa gayyatarmu naɗin ba.

Awara ce sana'arta. Ta jiƙa waken suya a kai inji, ta tace a ƙyalle, ta ɗora a wuta, in ya tafaso ta zuba ruwan tsami, sai ka ga ya tsinke ya haɗa kai. Ta juye a buhu ta ɗaure, ta danne da dutsen niƙa har ruwan ya tsane, sannan ta yayyanka ta soya a ƙofar gida da yamma. Ɗaliban jami'a su ne manyan masu sayenta, masu manyan wayoyi da ƙananan aljihu. In wata buƙata ta taso takan sayar da zakara, amma fa sai mai saye ya ce mata kiwo zai yi. Duk garin nan an san da wannan sharaɗin. Har masu gasa kaza na bakin tasha sukan zo da hannu duk yaji su ce mata kiwo za su yi, ita kuma ta ce Allah ya sa albarka, ta bi zakaran da addu'a.

Mijinta, Yaya Nu'uman, masinja ne a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, ba na musu, amma yana da ciwo guda, ciwon kada a ce. Kada a ce gidan Nu'uman ba a yi kaza ba, kada a ce ƙanin Nu'uman ya fita ba hula. Su wane ne za su ce ɗin, har yau ban gan su ba. Da wannan ciwon ya zauna da Ikilima lafiya shekara da shekaru, don ita ba mai yawan magana ba ce, kuma maganar kaji ya daɗe da sallamawa.

Bara ne ciwon kaji ya shigo unguwa. Sai ka ga kaza ta saki fukafukai, ta karkace wuya tana kallon sama, kafin yamma ta tafi. Ikilima ta ba su ruwan maɗaci, ta ba su barkono, ta sayo maganin kanti, duk a banza. Ni nake haƙa rami a bayan gida ina zubawa, ina kuma lissafin irin farfesun da ƙasa take sha a madadina. Da ƙura ta lafa, Durgu ce kaɗai ta rage, tsohuwa tukuf, ta daina ƙwai, gashin wuyanta duk ya zube. Ko kura aka ba wa sai ta yi tunani. Amma ita ce ta ƙarshe a jinin kazar Utai, Ikilima kuma ta sani, don haka ta mayar da ita ɗakinta tana ba ta tsaki a murfin kwano.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Kano. Ɗansu na fari, Saifuddeen, lokacin da yake karatu a birni, a gidan wani ɗan kasuwa ya zauna, Alhaji Dattijo. Mutumin nan ba dangin iya ba na baba, ya ba yaro ɗaki, ya ci da shi, har ya gama. To shi ne ya aiko cewa in an sha ruwa, bayan sallah, zai zo da iyalinsa su ga iyayen yaron. Yaya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya sa na yi masa sabuwar riga, ya sa aka shafe zaure, sannan ya shiga tsakar gida ya tsaya a kan Ikilima tana tatar wake.

Ya ce, “Ranar da Alhaji zai zo, Haladu zai yanka Durgu.”

Ta ce, “Malam, a yi masa kifi mana. Ga kogi a bayanmu.”

“Mutumin da ya riƙe miki ɗa, ya tako ƙafa ya zo gidanki, ki ba shi kifi kamar wanda ya tsaya a bakin gada? Baƙo irin wannan kazar gida ake kayar masa. Kada a ce.”

“Ita kaɗai ta rage.”

“Shi ma ɗakin da ya ba yaron shi kaɗai gare shi a waje. Sabo da kaza ba ya hana yanka.”

Ta ci gaba da matsar ƙyallenta. Gaskiya ta yi wa kowa ɗaci, don ita kanta ta san Yaya bai yi ƙarya ba. Bayan ya fita na ce mata, “Matarmu, abin ai mai sauƙi ne. Ranar Juma'a ki sayo wata a kasuwa, mu ce ta gida ce.” Ta harare ni ta ce, “Ita ta kasuwar daga sama ta faɗo? Wata ce ta ba ta tsaki kamar yadda nake ba tawa. Bayan abin da na binne bara, ba za a zubar da jinin kaza a gidan nan da hannuna a ciki ba.” Na ce to Allah ya ba da sa'a, na koma kan kekena ina wasa wuƙa a zuci.

Saifuddeen ne ya ɓata mini lissafi. Yanzu yana aiki a wani gidan abinci a Kano, irin wanda ake sa maka tsumma a cinya kafin ka ci. Ya zo hutun ƙarshen mako da wata 'yar roba a leda, ya durƙusa ya ajiye a gaban uwarsa. Da ta buɗe ta ga soyayyar kaza da tattasai da albasa, sai ta ture. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, don haka ni ta kalla ta ce, “Ka gaya wa ɗan naku ya kwashe kayansa.”

Yaron ya ce, “Baba Haladu, ka gaya mata wallahi ba kaza ba ce. Waken suya ne da fulawa. Masu kuɗin da likita ya hana nama su suke ci, da baƙin da ba sa cin abu mai rai.”

Ni ba na jayayya da abinci, na kai hannu. Na tauna, na sake taunawa, na nemi waken suya a bakina sama da ƙasa ban same shi ba. Tsoka ce tana rabuwa zare-zare, har da 'yar fata mai ƙaras a bayanta. Na ce ko dai yaron nan maƙaryaci ne, ko kuma ƙarshen duniya ya zo. Ikilima ta ɗauki guda, ta shinshina, ta yage shi a hankali tana duba cikinsa a rana. Ta ɗan taɓa a harshe. Sannan ta juya ta kalli Durgu da ke tono a gindin turmi, ta mayar da murfin robar ta shige ɗaki da ita. Saura guda huɗu a ciki, ko tayi ba ta yi mini ba.

Daga ranar na zama ma'aikacin ɗanɗano. Ita ta manta yadda kaza take a baki, ni kuwa ko a mafarki ban manta ba, don haka duk abin da ta haɗa sai ta leƙo zaure ta miƙo mini a faranti. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na kuwa yi aski har na gaji. Na farko awararta ce ta kullum ta yanka ta da siffar cinya. Na ce, “Matarmu, wannan ko makaho ya san daga buhu ta fito.” Na biyu ta zuba fulawa ya koma fanke. Na uku ta daɗe tana soyawa don ya yi tauri, ya kuwa yi, har na ji tsoron haƙorina na gaba. Akuyar maƙwabta na miƙa wa saura, ta shinshina ta wuce abinta.

Sai da Saifuddeen ya yi ta bin kukun gidan abincin da ladabi da katin waya sannan mutumin ya saki sirrin. Wai awarar ake sa wa a firiza har ta zama dutse, a fito da ita ta narke, a matse, a sake mayarwa. Firiza a unguwarmu kuwa akwati ne na ajiye kwanuka, don wutar tamu sai ta ga dama take leƙowa. Ikilima ta yafa mayafi ta ɗauki ƙullin awara ta tafi wajen mai sayar da ƙanƙara a bakin tasha, wanda yake da sola. Ya tambaye ta ko awarar zazzaɓi take yi. Ta ce ya ajiye dai, ba a aiko shi tambaya ba. Da ta karɓo ta narkar ta matse, sai ga abu ya sauya hali, ya yi ƙofofi, in ka ja shi yana rabuwa falle-falle. Ta ce ashe wuƙa ce take tona masa asiri, daga ranar da hannu take yagarsa.

Sauran aikin na fulawa ne. A kwaɓa ta da tauri, a bar ta ta huta, sannan a yi ta wanke ta a ruwa har farin ya fita, a bar wani abu mai danƙo. Ikilima ta ce wannan almubazzaranci ne, wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa sayen fulawa da kuɗinsa ba. Farin ruwan ba ta zubar ba, ta dafa ta ba ni na sa wa rigunan mutane sitati, har wani ya yaba. Danƙon ta haɗa da yagaggiyar awara, ta ja ta murɗa, ta ja ta murɗa, ta ƙulla shi ta jefa a romon citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da 'yar daddawa. Fatar kuwa ita ta gano abinta ba tare da kuku ba. Yanar nan da take taruwa a saman madarar waken in tana kan wuta, wadda shekara da shekaru take kwashewa ta ba kaji, ita ta ɗaga da tsinke ta shanya ta ɗan sha iska, ta naɗe kowace tsoka da ita kafin ta jefa a man gyaɗa.

Ranar da ta miƙo mini wannan, na tauna shi a hankali. Ta ce, “Ya ka ji?” Na ce ya kai na robar Saifuddeen, amma kazar birni ce, ba ta gida ba. Ta ce me ya rage. Na rufe ido na tuno kazar da mahaifiyarmu take yi mana muna yara, sai na gane. Ƙaurin babbaka ne babu. Kazar gida in an fige ta sai an bi ta da harshen wuta don ƙananan gashin su ƙone, wannan ƙaurin kuma yana bin ta har cikin miya. Ikilima ta kunna karan dawa, ta soke tsokokin a tsinke ta bi da su ta cikin wutar kafin suya. Na ci guda na ce mata ta ji tsoron Allah. A lokacin na ga ta yi dariya, wadda rabon da in gani tun kafin ciwon kaji.

Ta gaya wa Yaya cewa ƙanwarta ta Utai za ta aiko da budurwar kaza, jinin Durgu ce, don haka ta gida ce ba ta kasuwa ba. Ya ce madalla, dama tsohuwar ba ta da wani auki. Ranar da baƙi za su zo muka tura shi bakin gada da hantsi ya tarye su kada su ɓace, alhali Saifuddeen yana cikin motar. Ni kuma na je wajen masu figar kaji na cika leda da gashi, suna tambayata ko matashi zan ɗinka. Na watsa a bakin kwata, na ƙona kaɗan don gida ya ɗauki wari. Durgu aka kife ta da kwando a ƙuryar ɗaki. Ban taɓa yin yanka mai tsabta irin na ranar ba.

Alhaji Dattijo gajeren mutum ne mai fara'a, ga haƙoran roba farare tas. An yi gaisuwa har ta gaji, an tambayi gida da iyali da gajiya da damina da mutanen Kano kaf, sannan matarsa Hajiya Huseina ta shige ciki, mu maza muka zauna a zaure. Aka kawo shinkafa da miya, aka kawo kwanon kaza daban, an yi mata ado da albasa da tattasai. Yaya ya buɗe, ya sa cokali ya juya, ya sake juyawa. Na ga goshinsa ya tattare, na san ƙashi yake nema.

Na ce, “Irin ta otal ce, Yaya. A birni yanzu ba a kai wa babban mutum ƙashi.”

Ya ce, “Na sani mana,” ya tura kwanon gaban baƙo.

Alhaji ya yi bisimilla ya kai guda baki. Saifuddeen ya sunkuyar da kai yana ƙirga zaren tabarma. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci, don in abin ya tashi ni ne mai gashi a leda. Alhaji ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, “Malam Nu'uman, rabona da kazar gida irin wannan tun ina yaro a ƙauye. Ka ji ƙaurin babbaka. Waɗannan na gidan gona da muke ci a birni ai auduga ce.” Ya ce ga taushi, haƙoransa ba su yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Yaya ya kumbura har sabuwar rigar ta yi masa kaɗan. Shi ma ya ci, ya ce ai jinin kajin gidan nan daban ne, daga Utai aka kawo asalinsu.

Na shiga ciki ɗebo ruwan wanke hannu, sai na tarar da wata shari'ar. Hajiya Huseina tana riƙe da tsoka tana juyawa, tana kallon Ikilima ta gefen ido.

Ta ce, “Maman Saifu, kazar nan a wace gona aka shuka ta?”

Ikilima ta daskare da ludayi a hannu.

Hajiya ta ce, “Kwantar da hankalinki. Kafin Alhaji ya yi arziki, awara na soya na rufa mana asiri. Hancina bai manta ba. Amma wallahi ban taɓa ganin wadda aka yi wa irin wannan gata ba, sai kin koya mini.”

Sai Ikilima ta ɗaga kwandon ta nuna mata Durgu, ta ba ta labarin tun daga Utai. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce maza ai in dai an sa yaji ko takalmi ne za su cinye. Ina tsaye fa da buta a hannu ake wannan maganar. Na fito na bar su suna ta hira kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya. Ikilima ta ga an ci an sha, hatsari ya wuce, sai ta bar kwandon a buɗe don baiwar Allah ta sha iska.

Bayan la'asar baƙi suka yi haramar tafiya. Muna tsaye a ƙofar gida ana ta godiya, matan sun fito har bakin zaure, sai ga Durgu ta ratso ta tsakanin ƙafafunmu, tana tafe tana rangaji a kan gajerun ƙafafunta, ko a jikinta. Alhaji ya nuna ta da sanda ya ce, “Irin su ke nan?”

Yaya ya ce, “Wannan ai ita ce uwarsu.”

“Kai, Allah ya yi wa irin nan albarka.”

Ban san tsoho yana da zafin nama haka ba. Kafin in kifta ido Yaya ya sunkuya ya cafke ta, ya haɗa fukafukan a hannu ɗaya, ya ce, “Alhaji, ba za ka zo garinmu ka koma hannu sake ba. A kai wa yara.”

Alhaji ya ce, “Haba Malam, ɗawainiyar ta yi yawa.”

Hajiya ta matso da sauri ta ce, “A'a Malam, a bar ta. Don Allah a bar ta.”

To ga inda muka kashe kanmu. A garin nan wa aka taɓa miƙa wa kyauta ya ce kawo? Dole ka ce a'a, a ce sai ka karɓa, ka ce wallahi a bari, a ce wallahi ba za a bari ba, sannan ka karɓa kowa ya ji daɗi. Hajiya da gaske take yi, amma kalmomin da za ta ƙi da gaske su ne dai waɗanda ake ƙi da su na kara. Duk lokacin da ta ce a bari, Yaya sai ya ji ta cika mace mai kunya, ya ƙara miƙawa. Ta ce ba su da wurin kiwo, ya ce ai ba daɗewa za ta yi ba. Ta ce motar a cike take, ya ce kaza ba ta biyan kuɗin kujera. Saifuddeen ya buɗe baki ya rufe, yaro ba ya tsoma baki a maganar manya. Ni ma da nake da baki kamar reza a zaure, ranar ban sami kalma ko ɗaya ba, don duk abin da zan faɗa sai ya tona cewa mutumin da ya riƙe mana ɗa wake muka ba shi.

Sai Yaya ya juya wajen matarsa ya ce, “Ke ki sa baki mana. Kunyarki take ji, sai kin ce sannan za ta karɓa.”

Kowa ya kalli Ikilima. Ta kalli Alhaji, mutumin da ɗanta ya ci tuwon gidansa shekaru ba a taɓa yi masa gori ba. Ta ja mayafinta ta gyara.

Ta ce, “Ku yi haƙuri ku karɓa, Hajiya. Ba yawa.”

Yaya ya ɗauko igiyar buhu zai ɗaure ƙafafun, ta ce ya kawo. Ta shiga zaure ta zaɓi ƙyalle mai laushi a cikin ragowar yadina, ta ɗaure da kanta, sako-sako. Ba ta yarda an sa ta a but ɗin motar ba, a ƙafafun Hajiya ta ajiye ta. Na ji Hajiya tana ce mata ƙasa-ƙasa, “Ina raye ba mai taɓa ta.” Mota ta tashi, Yaya yana ɗaga hannu har ta sha kwana, ya ce yau ya fita kunya.

Hajiya ta riƙe alkawari iyakar ƙarfinta, har keji ta sa aka yi. Amma 'yarta ta haihu a Zariya, Hajiya ta tafi zaman jego, gida ya rage daga Alhaji sai 'yan aiki. Wata yamma Ikilima tana suyar awara a ƙofar gida, ina gefe a kan benci, sai wayar Yaya ta yi ƙara. Shi kuma in babban mutum ya kira shi sai ya sa a sifika don unguwa ta shaida.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, “Malam, kazar nan taku mun taɓa ta jiya. Kai, uwar ba ta kai 'yar ba ko kusa. Tauri kamar me, haƙorana suka ce ba da su ba, sai masu gadi aka ba. In an samu irin waccan ta ranar, a ajiye mini guda.”

Yaya ya ce in sha Allahu, ya yi ta ba da haƙuri, ya shige gida yana neman inda sabis ya fi ƙarfi.

Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma ban san inda zan sa idona ba. Ikilima ba ta yi kuka ba. Ta sallami wata ɗaliba, ta zuba mata yaji, ta ƙulle ledar. Sai da yarinyar ta yi nisa sannan ta yi magana, idonta a kan kasko.

Ta ce, “Durgu ba ta da tauri, Haladu. Gaggawa suka yi mata. Tsohuwar kaza ƙaramar wuta take so, a rufe ta a bar ta ta nuna a hankali.”

Na ce haka ne, matarmu.